Yini Guda a Bakin Ruwan Tiga: Jagora ga Mai Son Kallo da Cin Kifi

Idan aka ce hutu a bakin ruwa, hankalin yawancinmu Legas yake tafiya, ko kuwa Jidda ga wanda ya taɓa sauke farali ya ga yadda iyalai ke shimfiɗa darduma a gaɓar Bahar Maliya bayan la'asar. Mutumin Saji, ko Kibiya, ko cikin garin Rano, ba ya bukatar tikitin jirgin sama kafin ya tsaya gaban ruwan da idonsa ba zai ga ƙarshensa ba. Madatsar Tiga na nan bayan Rurum, tafiyar da ɗan acaɓa ke yi ya dawo kafin azahar. Amma da yawa cikinmu sun san ruwan Tiga ne a gonar rani kawai, ba su taɓa zuwa inda yake kwance ba.

Tun farko a san cewa Tiga ba birni ba ne. Babu jerin gidajen abinci masu takardar zaɓin girki, babu mai jiranka da kujera da lema. Akwai ruwa, akwai duwatsu, akwai masunta da mata masu suya, kuma kowannensu na da lokacinsa. Wanda ya daidaita tafiyarsa da lokacinsu zai koma gida da labari. Wanda ya taso da sha biyun rana kamar mai zuwa ɗaurin aure zai tarar da rana tsaka, kifin kirki ya riga ya kama hanyar Kano, ya dawo yana cewa babu komai a Tiga.

An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Audu Baƙo, gwamnan jihar Kano na farko, a shekarun da fari ya gigita ƙasar Hausa da maƙwabtanta. An tare Kogin Kano ne da bangon ƙasa da duwatsu mai tsawon kusan kilomita 6, tsayinsa kuma mita 48. Ruwan da ya taru a bayansa ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe kusan kubik mita biliyan 2. An tashi ƙauyuka kafin ruwan ya cika wurin. Wannan ba tarihi ba ne kurum na karantawa, domin gonaki da itatuwa da duwatsun da ruwa ya rufe suna nan a ƙasa, kuma shi ya sa ba kowane matuƙin kwale-kwale ne za ka miƙa wa ranka ba. Za mu zo kan wannan.

Wane wata, wace rana

Tiga huɗu ce a shekara, gwargwadon lokacin da ka je.

Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba dam yake cika ya batse. Duwatsun Rurum sun yi kore, ruwan kuwa ya yi ja saboda laka. Kallon ya fi kowane lokaci girma, amma hadari na iya tasowa babu sallama, ƙananan hanyoyi sun jiƙe, kuma shiga kwale-kwale a lokacin ganganci ne ga baƙo.

Ni dai in za a bi shawarata, a je da kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwan sama ya ɗauke, dam na cike, laka ta kwanta, sararin sama garau, ana hango tsibirai da tsaunukan ƙetare. Ga sabon amfanin gona ko'ina a bakin hanya: gyaɗa, dankali, rake, rogo.

Da hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, hazo kan rufe ruwan har ka kasa bambance shi da sama. Mai son hoto zai yi takaici. Mai son tsuntsaye kuwa lokacinsa ke nan, domin baƙin tsuntsaye masu gudun sanyin Turai suna sauka a ruwayen arewa, su haɗu da 'yan gida irin su zalɓe da belbela da kirinjijiya. Sanyin asuba a bakin ruwa ya fi na cikin gari cizo, don haka a ɗauko wa yara rigunan sanyi.

Bazara, wato Maris zuwa Mayu, ruwa ya ja baya saboda ana ta sakinsa ga manoman rani, gaɓa ta yi faɗi, duwatsun da suka nutse sun fito. Zafi ne matsalar. In dole sai a lokacin, a gama komai kafin sha ɗaya, a nemi inuwa sai la'asar.

Game da rana kuma, ranakun Sallah da kashegarinsu matasa kan yi dandazo a bakin ruwa, da babura da kiɗa. Mai son hayaniya ya je. Mai tafe da iyali ya zaɓi tsakiyar mako. Juma'a ba ta da laifi, sai dai a tuna cewa masunta da yawa sukan tashi da wuri don shirin masallaci.

Hanya da guzuri

Daga Saji ko Kibiya, Rano za ka fara shiga, sannan ka ɗauki hanyar Rurum har Tiga. Mai tasowa daga birnin Kano yana da zaɓi biyu: ya bi titin Zariya ya wuce Kura da Kadawa ya karkata ta wajen Bagauda, ko ya ratse a Karfi ya bi ta Bunkure zuwa Rano. Tafiyar daga birni kimanin kilomita 70 ce. Na fi son mutum ya je ta ɗaya ya dawo ta ɗayar, don kowace da abin da take nunawa. (Ga masu tambayar ƙasaru: a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, don haka mutumin Rano sallarsa cikakkiya zai yi.)

A taso da an sallame sallar asuba. Wannan ita ce ƙa'idar da duk sauran suka rataya a kanta. Masunta da dare ko da yamma suke kafa kalli da ƙugiyoyi, da sassafe su je su ɗebo, kuma dillalai na tsaye a gaɓa da robobi da babura tun kafin kwale-kwalen farko ya taɓa ƙasa. In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana.

A cika tankin mota tun daga Rano ko Kura. A riƙe tsabar kuɗi, kuma ƙananan takardu, domin taransifa a bakin ruwa ta dogara da sabis, kuma matar da ke suya ba ta da canjin dubu da safe. Sauran guzurin: tabarma ko darduma, buta, ruwan sha mai yawa daga gida, kula da ƙanƙara in ana da niyyar komawa da ɗanyen kifi, wuƙa mai kaifi, faranti ko tire, sabulu, da buhu guda na kwashe shara. Yajinka ma ka taho da shi. Yajin bakin hanya yakan zama gishiri da ɗanɗano ne aka rina da barkono, alhali wanda aka daka a gida da ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari shi ke fito da kifi. A haɗa da albasa, tumatir, lemon tsami da gurasa. Gurasa ta fi burodi dacewa da wannan tafiya: ba ta lotsewa a cikin kaya, kuma tana shan romo.

Abu na ƙarshe a guzurin ba a jaka yake shiga ba. Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ka taso, nemi wani a Rano ko Rurum da ke da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Tiga, ya gaya maka gaɓar da masunta ke fitowa a wannan watan, domin wurin na sauyawa da hawa da saukar ruwa.

Sayen kifi

Da ka isa, kada ka zarce kan kifi. Yi sallama, ka gai da dattijan da ke zaune suna gyaran koma. Masunta suna da shugabanci, akwai Sarkin Ruwa da wakilansa, kuma "Baba, sannunku da aiki, ya ruwa?" tana buɗe ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa. Ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: kallo muka zo da iyali, muna son kifin da za mu ci a nan. Da sun gane ba sari ka zo yi ba, dillalai ma za su daina yi maka kallon kishiya.

Ka san abin da kake nema. Karfasa ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ta suya da gashi. Namanta fari ne mai daɗi, sai dai ƙayarta na bukatar lura in da yara. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, tana da maiƙo, ƙayarta kaɗan, ita ce ta farfesu. Ragon ruwa, in ka dace da shi, kada ka tsaya dogon ciniki, domin tsoka ce zalla kuma yana karɓar kowane irin girki. Kurungu yana da arha, romonsa na da garɗi, amma ƙayoyin gefensa da ta bayansa suna huda hannu, ciwon kuma yana daɗewa. A bar mai shi ya kakkarye su. Ƙawara ƙanana ne, a soya su ƙayau a ci da yaji kamar gyaɗa. Giwan ruwa kuwa sa'a ce, kuma yawanci tana da mai ita tun kafin ta fito.

Gane sabon kifi ba wuya. Idonsa ya zama garau, a kumbure, ba wanda ya faɗa ciki ya yi fari ba. Ɗaga murfin da ke gefen kansa ka duba inda yake shaƙa: ja wur ake so, in ya koma ruwan ƙasa ko ya yi yauƙi mai wari, ajiye shi. Danna tsokar da yatsa. In ta dawo nan take lafiya, in gurbin yatsan ya zauna kifin ya kwana. Wannan na faruwa ko a bakin ruwa, domin kifin da ya faɗa kalli tun farkon dare ya mutu a ciki ya riga ya yi awanni kafin a fito da shi. Tarwaɗa kuwa da ranta ake sayenta, tana da taurin rai, babu dalilin karɓar matacciya.

Akwai wata dabara da ba a cika gaya wa baƙo ba. Ba duk tarwaɗar da ake sayarwa kusa da dam ce ta dam ba. Kiwon kifi ya yawaita a jihar Kano, kuma na kiwo kan biyo hanya ya zo inda ake neman na ruwa. Alamarsa ita ce ka ga roba cike da kifi girmansu ɗaya kamar an auna, masu taiɓa da kitse. Na dam girmansa ba ya zuwa ɗaya, jikinsa a murɗe, kuma a gauraye yake da wasu iri. Na kiwo ba haramun ba ne, amma bai kamata ka biya kuɗin na dam a kansa ba, kuma ba shi ka taso tun asuba dominsa ba.

Kashi-kashi ake sayarwa, manya kuma ɗai-ɗai, ba a cika aiki da sikeli ba. Kafin ka taya, tsaya gefe ka ji yadda dillali ɗaya ko biyu suka saya. Sannan ka tambaya, "Malam, nawa wannan kashin?" In ya faɗa, ka taya ƙasa da haka da ladabi. Zai ce albarka. Ka ƙara kaɗan. In ya sallama, ka nemi gyara, sau da yawa zai jefa maka ƙanana biyu ko uku. A nan ina da ra'ayi: kada ka matse masunci har ƙarshe. Mutumin da ya kwana cikin sanyi a kan ruwa ba shi ne ke cin ribar kifin da kake saya da tsada a birni ba. Ko ka biya shi sama da abin da dillali ya biya, har yanzu kai ne da riba.

Ƙananan 'ya'yan kifi da aka kamo da raga mai ƙananan idanu, waɗanda ba ƙawara ba, a bar su. Sayensu ne ke sa a ci gaba da kamo su, su ne kuma manyan baɗi.

Daga gaɓa zuwa faranti

Hanya mafi sauƙi ita ce ka kai wa masu suya. Kusan duk inda masunta ke fitowa akwai mata da kasko da murhu. Ka gaishe ta, "Inna, sannu da aiki," ku yi jinga tun kafin ta sa wuƙa: nawa ne gyara, nawa ne suya, man wa za a yi amfani da shi. Leƙa kaskon. In man ya yi baƙi yana hayaƙi, sayi sabon man gyaɗa a soya maka da shi, ka bar mata ragowar. Ba za ta ji haushi ba.

A tsaya a ga gyaran. A kankare ɓawon karfasa tas, a tsaga cikin a hankali don kada matsarmama ta fashe, domin in ta fashe ɗacinta ya shiga tsoka babu wankin da zai fitar da shi duka. A cire abin shaƙar nan na gefen kai. A wanke da ruwan da ka zo da shi ko na rijiyar burtsatse, a goga lemon tsami da gishiri, a tsattsaga gefe biyu don yaji ya shiga. A bar shi ya tsane kafin ya shiga mai, kuma man ya yi zafi sosai. Kifin da aka jefa cikin mai mai sanyi shan man yake yi ya dagargaje. Ba a juya shi sai gefen farko ya yi ja.

Gashi ya fi suya fito da ɗanɗanon karfasa, in akwai haƙuri. Garwashi ake so, ba harshen wuta ba. A kwaɓa yajin ƙuli da ɗan man gyaɗa, a shafe kifin ciki da waje, a shafa wa wayar gashin mai don kada fata ta manne, a riƙa juyawa jifa-jifa ana ƙara shafawa. Ya nuna in tsokar da ke jikin ƙashin baya ta yi fari tana saki da kanta. A yanka albasa da tumatir, a yayyafa wa gurasa ruwa kaɗan a ɗora ta gefen wuta ta yi laushi, a barbaɗa mata ƙuli da mai. Wanda ya ci wannan a inuwar dutse, iskar ruwa na kaɗawa, ba zai tambayi inda gidan abinci yake ba.

Farfesun tarwaɗa shi ne girkin da ya fi dacewa da safiyar hunturu, kuma shi ne aka fi ɓatawa. Matakin farko raba ta da yauƙi: a zuba mata ruwan zafi, ba tafasasshe ba, na ɗan lokaci kaɗan, yauƙin zai yi fari ya dunƙule a kankare shi, wasu toka suke gogawa, wasu lemon tsami. Ruwan zafin yana kuma ƙarfafa tsokar. A yanka gunduwa-gunduwa masu kauri. A tukunya a fara dafa romon shi kaɗai: jajjagen attaruhu da albasa da tafarnuwa, citta, masoro, kimba kaɗan, daddawa, gishiri. Sai ya tafasa ƙamshin ɗanyen kayan ya tafi, sannan a jera kifin, ruwan ya tsaya daidai kansa. Daga nan ludayi ya huta. Ba a juya farfesun kifi, kama kunnuwan tukunyar ake yi a girgiza a hankali. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a wuta marar ƙarfi ya isa. Kimba in ta yi yawa ɗaci take yi, daddawa in ta yi yawa ta danne kifin.

Abin sha, fura da nono daga matan Fulani da ke zagayawa da hantsi ba ta da na biyu, amma a dama da ruwanka. Wasu ba sa haɗa kifi da nono a zama ɗaya, al'ada ce tsohuwa. In da mai wannan ra'ayi a cikin tafiyar, a ajiye furar sai azahar, kowa ya huta da gardama.

Abin da za a gani

Bayan an karya, kafin rana ta take, sai a nufi bangon dam. Wurin yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai masu gadi, kuma akwai sassan da ba a shiga ko ɗaukar hoto, musamman wajen ƙofofin sakin ruwa da tashar lantarki da gwamnatin jihar Kano ta gina. A nemi izini, a tsaya inda aka ce a tsaya.

Daga sama ne mutum ke fahimtar aikin. Gefe guda ruwa ne shimfiɗe, ɗaya gefen kuma kwari ne da babbar hanyar ruwa ta fita daga cikinsa. Wannan hanyar ce ke bi ta Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ta rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, a shirin noman rani na Kogin Kano wanda aka tsara wa kashinsa na farko kadada 22,000. Shinkafar Kura, tumatirin Kadawa da ake lodi a Kwanar Gafan, alkama da albasa da masarar rani, duk daga wannan ruwan suke sha. Wani kason kuma yana bin kogi ya isa matatar Tamburawa ya zama ruwan famfon birni. Yana da kyau a nuna wa yara wannan da hannu. Yana da kyau kuma babba ya san ɗaya gefen labarin: tun da aka tare Tiga, sannan aka ƙara da madatsar Challawa a Ƙaraye a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya, masunta da manoma da makiyayan can sun ji a jikinsu.

A kan dutse kusa da ruwan akwai otal ɗin Rock Castle, wanda matsayinsa ya ba shi hangen dam da babu irinsa. Mai niyyar kwana a Tiga ya aika a duba masa masauki tun kafin ranar, ya ji batun wuta da ruwa da abinci. Ga mutumin Rano da Kibiya dai kwanan gida ya fi.

Sai batun kwale-kwale, kuma a nan ba na sassautawa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau, aka rasa rayuka fiye da ashirin, yawancinsu yara. Lodi fiye da kima shi ne abin da aka fi dangantawa da haɗarin. Tiga ta ninka Watari girma nesa ba kusa ba. Saboda haka: matuƙin ya zama wanda dattijan gaɓar suka nuna maka, ba yaron da ya fara tare ka ba. Duba cikin jirgin, in ana ta kwarfar ruwa tun yana gaɓa, haƙura. Mazauna su zama kaɗan, gefen jirgin ya yi sama da ruwa sosai. Rigar kariya ga kowa, in babu a fasa, ko ka sayo taka tun daga Kano in kana yawan zuwa. A shiga da safe lokacin da ruwa ke kwance, a bi gefen gaɓa, kada a ratsa tsakiya. Babu miƙewa tsaye don ɗaukar hoto. In iska ta fara kaɗawa ko gabas ta yi duhu, a juyo ko an biya kuɗin awa guda.

Wanka kuma a bar shi gaba ɗaya. Dalili biyu ne. Na farko, ƙasan dam ba shimfiɗe yake ba, taku uku kana iya gwiwa, na huɗu babu ƙasa, ga laka mai riƙe ƙafa. Iya iyo a kududdufin unguwa ba ya aiki a nan. Na biyu, tsargiya. Ƙwayar cutar na rayuwa a jikin ƙananan katantanwa da ke ruwa marar gudu, a gefen ciyayi da cikin hanyoyin ban-ruwa, ta fito ta huda fata ba tare da an ji ba, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Ba sai an sha ruwan ba, tsoma ƙafa ya isa. Alwala ma a yi da ruwan buta. In an riga an shiga kuma aka ga alama, asibiti za a je, akwai maganinta, Praziquantel, kuma yana aiki.

Wani zai ce to tunda ana nan, me zai hana a leƙa dajin Falgore, wanda ruwan Tiga ya yi masa iyaka ta arewa? Wannan tafiya ce daban, ta hukuma da rakiyar jami'ai, ba ta ratse da iyali ba.

Hanyar komawa

Azahar a yi ta a masallacin garin Tiga, a ɗan kishingiɗa a inuwa. Da la'asar sakaliya sai a kamo hanyar Rurum, domin a lokacin ne hasken rana ke kwanciya a jikin duwatsun, manyan curi-curi da suka hau kan juna har ka rantse tura ɗaya zai gangaro da su. Mai son hawa ya nemi yaron gari ya yi masa jagora, ya sa takalmi mai kama dutse, ya guji cusa hannu a kogo saboda maciji da kunama. Gangarowa ta fi hawa wuya, a bar ƙarfi dominta.

Baƙon da ya zo daga nesa ya cancanci a tsaya da shi a Rano ko na rabin awa ne. Garin na cikin Hausa Bakwai, shi da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, kuma sarkinsa ne ake wa kirari da Autan Bawo. A wuce ta ƙofar fada, a ga yadda garin ya zauna a tsakanin duwatsunsa. In an dace da ranar kasuwa a ƙauyukan hanya, nan ne wurin sayen rake da gyaɗa da kankana.

Tsarabar kifi iri biyu ce. Ɗanye sai an fasa cikinsa an wanke tun a gaɓa, a jera a kula, ƙanƙara a ƙasa da sama, kuma a saye shi da safe a adana, ba a bar shi cikin leda a but ɗin mota yini guda ba. Wanda ba shi da kula ya sayi banda. Banda mai kyau ta bushe har ciki, launinta ja mai duhu da sheƙi, ƙamshin hayaƙin itace take yi. A karya ɗaya a duba: in cikin da danshi ba za ta yi kwana uku ba, in gari na zuba ƙwari sun riga ka. A shinshina sosai, domin akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don ya daɗe. Duk wadda ke warin fiya-fiya ko kananzir a bar ta komai arharta. A naɗe ta a takarda ko a sa a kwando, leda gumi take sa ta. A gida a shanya ta ko a ɗan maimaita mata wuta, kafin girki kuma a jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri a wanke sau biyu.

A tattara ledoji da robobi da ƙayar kifi a buhun da aka zo da shi, a kashe garwashi da ruwa, a sallami wanda ya yi jagora da abin da ya sauwaƙa. A bar Tiga da sauran rana, yadda magariba za ta riske ku a Rano, domin hanyar Rurum da dare akwai shanu masu komawa ruga da babura marasa fitila.